Kafin Ka Ɗauki Bulala, Shimfiɗa Tabarma

Ɗana, akwai wata magana da ta yi yawa a bakin iyaye, kuma ina gudun kar kai ma ka fara faɗarta a kan naka: "Wallahi yaron nan ya gagare ni." Ana faɗarta a kan ɗan shekara shida da ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Ana faɗarta a kan yarinyar da ta tsiri cizon ƙannenta, da wadda ta yi gum ba ta cewa uffan, da yaron da kullum sai malami ya aiko a kira ubansa saboda ya fasa wa ɗan wani baki. Daga nan sai laƙabi ya biyo baya: mai kunnen ƙashi, fitinanne, gagararre, dolo. Gwaggo ta ce shafar aljanu ce, maƙwabciya ta ce sammu ne, kawu ya ce duka ne bai ratsa shi ba. Sai a ƙara bulala, har jikin ya saba, halin kuwa yana nan daram, ko ma ya ƙaru.

Ba cewa nake ka saki yaro sakaka ba. Ƙiriniya ta yau da kullum, irin ta yaro mai lafiya da yake gwada ko da gaske kake in ka ce a'a, tana bukatar uba mai tsayawa a kan maganarsa. Wanda nake magana a kansa daban ne. Shi ne yaron da halinsa ya juya. Ka waiwaya baya kaɗan, sau da yawa za ka gane lokacin da ya juya ɗin. An saki uwarsa ta tafi ta bar shi a hannun kishiya. An yi masa ƙane, idon kowa ya koma kan jariri. An kai shi riƙo garin da bai san kowa ba. Kakar da yake kwana a bayanta ta rasu, ba wanda ya zauna ya yi masa bayani. Ko kuma yana kwance da dare yana jin hayaniyarka da uwarsa ta bayan labule. A wasu garuruwanmu abin ya wuce haka: ya ji harbi, ya kwana a jeji, ya ga an kashe mutum. Yaro irin wannan kamar wanda ya taka ƙaya ne. Ɗingishin kake gani kana dukansa a kai, ƙayar kuwa tana nan cikin tafin ƙafa.

Za ka ce ai ka tambaye shi. Na yarda. Ka zaunar da shi ka ce, "Me ke damunka?" ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai." Ba ƙarya ya yi maka ba, ba kuma raini ba ne. Babban mutum ma da gemunsa yakan rasa yadda zai faɗi abin da ke cin ransa, balle ɗan shekara biyar. Masana tasowar yara sun daɗe da lura cewa kafin yaro ya kai wajen shekara goma sha ɗaya, tunaninsa yana rataye ne da abin da yake gani yake taɓawa. Ba shi da bakin da zai ce yana kishin jaririn nan, yana kuma tsoron kar a daina sonsa saboda kishin. Ga shi mu da kanmu mun koya masa kada ya ɗaga ido ya kalli babba, kada ya mayar da magana. Tarbiyya ce mai kyau a muhallinta, amma ta ƙara rufe bakin da dama can bai iya bayani ba. Abin da bakin ya kasa, hannu yana iyawa. Ka ba shi 'yar tsana da laka da yashi, ka yi shiru ka kalla.

Wannan shi ne tushen abin da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suke kira jinya ta hanyar wasa, kuma ba yau aka fara ba. Wajen 1920 wata mata a birnin Vienna, Hermine Hug-Hellmuth, ta fara zama da yara masu damuwa tana kallon wasansu maimakon ta tsare su da tambayoyi. Melanie Klein da Anna Freud suka ɗora a kai, kowacce da tata hanya. A Landan kuma likitar yara Margaret Lowenfeld ta buɗe wurin duba yara a 1928, inda ta ajiye faffaɗan faranti cike da yashi, da ruwa, da ƙananan siffofin mutane da dabbobi da gidaje, yaro ya gina duniyarsa a ciki yadda yake ganinta. Amma wadda hanyarta ta fi bazuwa ita ce Virginia Axline, Ba'amurkiya, da ta fitar da littafinta a kan wannan aiki a 1947. Abin da ta tsaya a kai shi ne yaro ya ja gaba, babba ya bi. Ba a zaɓa masa abin wasa, ba a gaggauta shi, ba a yi masa wa'azi. Aikin babba shi ne ya karɓe shi yadda yake, ya gane abin da yake ji, ya mayar masa da shi cikin kalmomi masu sauƙi, ya sa iyaka inda ta zama dole kawai.

A 1964 ta wallafa labarin wani yaro ɗan shekara biyar da ta sakaya sunansa ta kira shi Dibs. A makaranta ba ya magana da kowa, sai rarrafe a gefen bango ko ya shige ƙarƙashin tebur, in an matsa masa ya kai yaƙushi. Iyayensa masu ilimi ne ƙwarai, uban masanin kimiyya, uwar likita, kuma sun riga sun saddaƙar cewa ƙwaƙwalwarsa ce ba daidai ba. Axline tana ganinsa awa ɗaya a mako a ɗakin wasa. A can ne ya ɗauki ɗan mutum-mutumin da ya mayar ubansa, ya binne shi cikin yashi. Ba ta tsawata masa ba, ba ta ce ashe ba ya son babansa ba. Ta bar shi ya binne, har shi da kansa ya tono shi. Da aka kammala jinyar aka gwada basirarsa, sai ga shi cikin yara masu hazaƙa ta ban mamaki. Ban kawo maka wannan don ka zaci kowane yaro mai shiru gwani ne a ɓoye ba. Labarin yaro ɗaya ne, daga bakin wadda ta yi jinyarsa. Na kawo shi ne saboda binnewar nan. A ce a tsakar gidanka ɗanka ya yi haka kana tsaye, me hannunka zai fara yi?

Yaro ba zai iya buɗe baki ya ce yana jin haushin ubansa ba, maganar ta fi ƙarfinsa. Amma zai iya sa ɗan akuyan laka ya tunkuyi babban bunsuru har ƙahonsa ya karye. Haushin ya fita, ba wanda ya ji ciwo, ga kuma babba a zaune ya gani, bai yi fushi ba, bai tashi ya tafi ba. Daga nan yaro yake koyon cewa abin da ke cikinsa ba dodo ba ne, ana iya ganinsa a ci gaba da sonsa. Sannan wanda aka yi wa abu yana ji yana gani ba shi da ikon hanawa, a cikin wasa shi ne mai iko: shi ke cewa a tsaya, shi ke cewa a sake. Ka lura da yarinyar da aka yi wa allura a asibiti. Kafin magariba ta sami tsinken tsintsiya tana yi wa 'yar tsanarta allura, tana lallashinta da cewa ta yi haƙuri yanzu za a gama. Ba wanda ya koya mata. Haka Allah ya halicci yara, da hanyarsu ta sauke abin da ya yi musu nauyi.

Sai dai wani nauyin ya fi ƙarfin yaro shi kaɗai. A watan Yulin 1976, a wani ƙaramin gari mai suna Chowchilla a jihar Kalifoniya ta Amurka, 'yan bindiga uku suka tare motar makaranta, suka kwashe yara 26 da direbansu, suka cusa su cikin jikin wata babbar mota da aka binne a ƙasa. Sun shafe kusan awa 16 a cikin ramin kafin suka tona hanya suka fito. Aka duba jikinsu aka ga ba rauni, aka ce wa iyaye sun tsira, su koma gida. Wata likitar ƙwaƙwalwar yara, Lenore Terr, ita ce ta koma daga baya ta zauna da su, ta kuma sake bibiyarsu bayan shekaru huɗu zuwa biyar. Ta tarar ba ko ɗaya da abin bai taɓa ba: mafarkin tsoro, firgita, tsoron duhu da baƙin fuska, da fidda rai daga tsawon kwana. Ta kuma lura da wani irin wasa da wasunsu suke yi, mai kama da abin da ya same su, suna maimaita shi ba iyaka, ba jin daɗi, ba samun sauƙi.

Awa 16 ke nan. Ka auna da namu. A Ƙanƙara, a Disambar 2020, an kwashe ɗalibai fiye da 300. A Jangebe, a Fabrairun 2021, 'yan mata 279. A Tegina, a watan Mayun 2021, an ɗebi 'yan Islamiyya fiye da ɗari, cikinsu har da 'yan ƙanana sosai, suka yi kusan wata uku a jeji. A Kuriga, a Maris ɗin 2024, an sako ɗalibai 137 da aka sace. Waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji labarinsu. Na ƙauyukan da ake shiga kowane dare ba wanda ya ƙirga su. In an sako su mukan yi hamdala, a yi musu wanka, a ɗinka musu sabbin kaya, a ce musu su manta, ya wuce. A wurinmu ne ya wuce.

Na taɓa tsayawa a wata unguwa da 'yan gudun hijira suka cika, ina kallon yara a bayan masallaci. Uku sun naɗe fuska da tsumma, sun saɓa karan dawa a kafaɗa. Suka taso ƙanana biyu a gaba, suka ɗaure musu hannu da ɓawon rama, suka zaunar da su a gindin bango. Ɗaya ya ɗauki wani tsinkakken silifa ya kara a kunne yana cewa, "Miliyan biyu da babur, in ba haka ba ku zo ku ɗauki gawa." Ƙaramin cikin waɗanda aka ɗaure bai fi shekara biyar ba. Ba ya dariya, ba ya kuka, idonsa na ƙasa. Can sai wani dattijo ya fito ya daka musu tsawa, ya ce wannan wane irin mugun wasa ne, suka watse. Ban ga laifin zuciyar dattijon ba, abin ba daɗin gani. Amma tsawar ba ta cire komai daga kan yaran ba. Ta dai koya musu su koma yi inda babba ba ya gani.

In ka ga irin wannan a gidanka, kada ka hana, ka zauna kusa ka lura. Wasan da ke warkarwa yana tafiya: yau an kama mutum, gobe ya tsere, jibi sojoji sun zo, wata rana kuma an bar zancen an koma dafa tuwon ƙasa. Wanda ya cije kuwa kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, fuskar yaron a ɗaure, in ya gama ya fi da tashin hankali, daren ranar kuma ya farka da ihu. Wannan na biyun aikin ƙwararru ne, kuma suna da hanyoyi masu tsari da aka gwada a kan yaran da suka ga tashin hankali.

To ina ƙwararrun? Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga mutum fiye da miliyan 200, masu duba yara zalla kuwa sun fi haka ƙaranci. Akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware, akwai sassan da ke wannan aiki a asibitocin koyarwa, kuma a sansanonin gudun hijira na Borno hukumar UNICEF da wasu ƙungiyoyi sun buɗe wuraren da yara ke taruwa su yi wasa da zane a ƙarƙashin kulawa. Sai a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin wadda aka gada tun 1958. Duk wannan bai kai ko kusa da bukata ba. Shi ya sa abin da zan gaya maka yanzu ya fi komai muhimmanci a wurina.

Ƙarancin ma'aikata irin wannan ne ya sa Bernard Guerney da matarsa Louise, a Amurka, suka kawo shawara a 1964 cewa a koya wa iyaye su riƙa yin zaman wasan da kansu a gida, tunda ba wanda yaro ya fi bukatar ya fahimce shi kamar uwarsa da ubansa. Daga baya Garry Landreth na wata jami'a a jihar Texas ya taƙaita horon zuwa mako goma, iyaye suna yin zaman minti 30 sau ɗaya a mako. A 2005 Sue Bratton da abokan aikinta suka tattara bincike 93 da aka yi a kan jinya ta wasa, suka tarar tana da amfani a fili, kuma amfanin ya fi yawa a inda iyaye ne suka yi zaman. Wasu daga cikin binciken ƙanana ne, kuma waɗancan iyayen sun sami mai koya musu, mai gyara musu kuskure. Duk da haka, ƙa'idojin ba su fi ƙarfinka ba.

Ka sami kwali guda. Ka zuba 'yan tsana da za su tashi iyali ɗaya, uba da uwa da yara da jariri, ko na tsumma ne ko na kara. Ka sa laka, da 'yan kwanukan wasa, da motar gwangwani, da tsohuwar wayar da ta mutu, da guntun igiya, da sirinji marar allura, da fensir mai launi da takarda, da faranti na yashi. Ka sa har da bindigar roba ko ta kara. Na san za ka ji wani iri, amma yaron da aka tsorata da bindiga yana bukatar ya riƙe ta a inda ba za ta kashe kowa ba. Kayan nan ba na kullum ba ne, ana fito da su ne lokacin zaman kawai, a mayar. Ka zaɓi rana ɗaya da lokaci ɗaya, ka kashe wayarka, ka ce wa mutanen gida kada a yi maka sallama da kowa. Yaro ɗaya, ba da ƙannensa ba. Tsakanin shekara uku zuwa goma abin ya fi kamawa. Ka shimfiɗa tabarma ka zauna a ƙasa, daidai da shi.

Ka ce, "Abba, wannan lokacinka ne. Ka yi wasa da kayan nan yadda kake so. In akwai abin da ba a yi, zan gaya maka."

Ranar farko zai tsaya yana kallonka, yana jiran ya ga inda tarkon yake. Zai ce, "Baba, me zan yi?"

Ka ce, "A nan kai ne mai zaɓa."

Daga nan aikinka shi ne ka riƙa faɗin abin da kake gani, kaɗan-kaɗan, cikin murya mai sanyi. Ya ɗauki jaririn ya cusa ƙarƙashin tabarma, ya danne da gwiwa. Bakinka zai yi ƙaiƙayi ka ce, "Kai, haka ake yi wa ƙane?" Haɗiye. Kada ma ka ce me ya sa, don da ya san dalili da tuni ya faɗa. Ka ce, "Ka ɓoye jaririn, ba ka son ganinsa yanzu." Wataƙila ya yi banza da kai, wataƙila ya ɗago ya ce, "Kuka gare shi, kullum Umma tana wurinsa." Ka ce, "Kana so Umma ta zauna da kai ma." Shi ke nan, kada ka ɗora da nasiha. Maganar da ya yi wata shida yana faɗa da cizo da fitsarin kwance, yau ta fito da baki, kuma an ji.

In ya zana gida ya miƙo maka ya ce, "Baba, ya yi kyau?" kada ka yi saurin yabo. Ka ce, "Ka yi masa ƙofa biyu, ka sa ja a sama. Ka daɗe kana yinsa." Yabo yana mayar da hankalin yaro kan faranta maka, sai ya daina zana abin da ke ransa ya koma zana abin da zai burge ka. In ya kira mota jirgi, jirgi ce. Ba lokacin karatu ba ne, kada ka tambaye shi tayoyin nawa ne.

Iyaka tana nan, kuma a nan ne mutanenmu suke yi wa abin mummunar fahimta, su ɗauka sangarta yaro ne. Idan ya ɗaga motar gwangwanin zai jefe ka, ka faɗi abin da yake ji, ka faɗi iyakar, ka nuna masa mafita: "Na ga kana jin haushina sosai. Amma ni ba a jifana. Ga matashi nan, jefe shi." Ba tsawa, ba zare ido. In ya maimaita, ka maimaita. In ya dage, ka gaya masa cewa in ya zaɓi jifa, ya zaɓi a ajiye motar sai mako mai zuwa, ka kuma cika. Da haka yake gane cewa fushi ba laifi ba ne, cutar da mutum ce laifi, kuma shi ne mai riƙe hannunsa, ba tsoron bulala ba. Wannan ita ce tarbiyyar da take aiki ko ba ka nan. In lokaci ya kusa ka ce, "Saura minti biyar." In ya cika ka tashi, ko ya yi magiya. Kada kuma ka taɓa soke zaman don ya yi laifi a cikin mako. Makon da ya fi fitina shi ne makon da ya fi bukatarsa.

Kada ka sa ran gani a kwana biyu. A hannun ƙwararru ma akan yi zama wajen ashirin, wani yaron fiye da haka. Wani lokaci halin ma ƙara zafi yake a makonnin farko, saboda abin da aka danne ya sami ƙofa. Kada wannan ya karya maka gwiwa.

Na san abin da ke riƙe ka, ba rashin lokaci ba ne. Mai awa biyu a majalisar shayi ba zai rasa rabin awa a mako ba. Girma ne. Kana jin in ka zauna a ƙasa kana riƙe da 'yar tsana, yaro zai raina ka, matarka ta yi maka dariya. In ɗan fari ne kuma ga alkunya: ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. A gidan gandu na da, alkunya ba ta cutar da yaro sosai, domin ga kaka tana tsokanarsa tana kiransa mijinta, ga kakansa yana yi masa wasa, ga gwaggo da tatsuniya bayan isha, ga dandali da langa da gaɗa da wasan ɓuya a farin wata. Yau kai kana ɗaki biyu na haya a birni, kakanni suna ƙauye, dandali ya zama shago, rashin tsaro ya hana fita da dare, an miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Ka riƙe alkunyar, amma waɗanda suke cike giɓinta ba sa nan. Wa ya rage masa?

Kuma wane girma ne ya wuce na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi? Ya tabbata cewa jikansa ya hau bayansa yana cikin sujada yana jan mutane salla, ya tsawaita sujadar har yaron ya sauka don kansa. Anas ɗan Malik yana da ƙaramin ƙane da ake wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah ya lura, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai ce ai tsuntsu ne kawai ba. Nana A'isha tana da 'yan tsana, har da doki mai fukafukai, ya gani ya tambaye ta, ta ba shi amsa ya yi dariya. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gaya masa yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai ya nuna masa wannan rashin jinƙai ne, ba abin tinƙaho ba. Imamu Gazali ma ya yi gargaɗi cewa a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga karatu, domin hana shi yana dusashe zuciyarsa da basirarsa. Taurin fuskar da muke yi wa 'ya'yanmu ba daga addini muka samo shi ba.

Talauci ma ba hanzari ba ne. A 1986 da 1987, a unguwannin talakawa na birnin Kingston a Jamaika, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, 'yan wata tara zuwa shekara biyu. Wasunsu aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya awa ɗaya a mako, tsawon shekara biyu, tana koya wa uwa wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka nemo su. Waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari, kuma sun fi su ƙarancin shiga faɗa da baƙin ciki. Ke ma 'yata, uwar yara, da ke nake. In maigida ya ƙi, ke ki yi. In kuma ɗan riƙo ne ko ɗan kishiya a hannunki, shi ya fi kowa bukata.

Amma kada ka mayar da wasa maganin komai. Yaron da ba ya amsa kira, a fara duba kunnensa. Wanda yake ɗauke wuta na 'yan daƙiƙu yana kallon wuri ɗaya, wata irin farfaɗiya ce take yin haka, kuma tana da magani. Fitsarin kwance da ya dawo kwatsam yana iya zama ciwon mafitsara ko ciwon suga. Yaron da ya kai shekara biyu ko uku ba ya magana, ba ya haɗa ido, ba ya nuna abu da yatsa, likitan yara ya kamata ya gan shi da wuri. Wanda yake cewa gara ya mutu, ko yake ji wa kansa ciwo, kada a kwana ba a nemi taimako ba. Ka yi masa addu'a, ka tofa masa, ka kuma kai shi asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Abin da nake roƙonka da girman Allah shi ne kada ka miƙa shi inda za a sa masa mari a ƙafa da sunan gyaran hali. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300, manya da yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu cikin sarƙa, jikinsu duk tabo. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna neman shiriya.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Idan ka ga yaro ko yarinya suna yi da 'yan tsana abin da shekarunsu bai kai su sani ba, irin na tsakanin manya, suna maimaitawa, ko suna firgita in an ambaci wani mutum, kada ka mare su ka ce sun lalace. Kada kuma ka tsare su da tambayoyi kana cusa musu amsa. Ka kwantar da murya, ka nuna musu ba su yi laifi ba, ka raba su da wanda kake zargi ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya, ka kai su wurin da aka tanada don haka, irin cibiyar Waraka a Kano ko Salama a Kaduna, ko asibiti mafi kusa. Rufin asirin gida a wannan wuri cin amanar yaro ne.

Sauran kuwa, ɗana, yana hannunka. Kwali da laka da rabin awa ba su gagari kowa ba. Ka sa rana tun yau, ka kira shi ka gaya masa, in ranar ta zo kuma kada ka saɓa. Allah ya raya mana su, ya shirya mana su.